Na Kashe Maigidana da Ingilishi, Ga Shi Yana Shan Fura

Assalamu alaikum, Tanti Fadila.

Don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin na jefa kaina cikin abin da ban san ta inda zan fita ba. Na san yawancin masu rubuto miki kukan aure suke kawowa, ko na surukai. Nawa kukan na Ingilishi ne, amma ya shigo mini har cikin ɗaki. Na zaɓe ki ne don an ce kin daɗe kina koyar da Ingilishi a lise, wato babbar sakandare, a Damagaram kafin ki ajiye alli. In kin yi dariya ba zan ji haushi ba, duk garin Matameye an riga ki.

Ni ƴar nan garin ce, shekarata talatin da ɗaya, ƴaƴana uku. Na yi lakwal, wato boko, har na samu birbe, takardar shaidar gama kolej, kuma a kolej ɗin babu abin da na fi iyawa kamar Ingilishi. Mushenmu, wato malaminmu, har ɗaga takardata yake yi sama ya ce a gani. A unguwarmu kusan kowane gida akwai mai tafiya cin rani Najeriya, don haka duk abin da ya zo da rubutun Ingilishi wurina ake kawowa, ko takardar magani ce, ko rubutun jikin buhun taki, ko saƙon waya. Har suna aka sa mini, Madam Ingilishi. Ba zan ɓoye miki ba, sunan yana yi mini daɗi. In na ji an yi sallama an ce ana neman Madam Ingilishi, har tafiyata sai ta canza.

Maigidana, Baban Ilham, tela ne, gwanin aikin wuyan riga. Shekara bakwai ke nan yana aiki a shagon wata Bayarabiya a Ibadan, wadda suke kira Madam. Da damina ya dawo gida ya yi noma, in an gama kaka ya koma. Matar ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, shi kuma Ingilishinsa na bakin kasuwa ne, amma suna fahimtar juna sarai. A shagon akwai amininsa Gambo, mutumin Kurni. Tare aka yi musu kaciya, tare suka koyi ɗinki, kuma Baban Ilham ne ya kai shi wurin Madam. Matar Gambo, Ramatu, ƙawata ce, ko ranar kasuwa in ta shigo gari a ɗakina take ajiye kayanta.

Bana hatsi ya yi kyau, alhamdu lillahi. Gambo ya gama nasa girbin da wuri ya koma Ibadan. Mu kuma ranar da ake kwaso dammunan ƙarshe daga gona, sa ya firgita, Baban Ilham ya faɗo daga kan amalanke. Ƙafarsa ta goce, wayarsa kuma ƙafar amalanke ta bi ta kanta, ta zama gari. Mai ɗori ya ce sai ya yi mako uku bai taka ba. To ga shi ya yi wa Madam alkawarin komawa ƙarshen wancan makon.

Shi dai cewa ya yi in ba shi wayata ya yi mata saƙon murya da nasa guntun Ingilishin. Ni ce na hana. Na ce ina amfanin birbe ɗina a gidan nan in har za a aika wa mutane Ingilishin tasha? Bari in rubuta mata na takarda, ta san telanta ba jahila ya aura ba. Ya yi dariya ya ce to Madam Ingilishi, bismilla. Ga abin da na rubuta, harafi da harafi:

"Good morning Madam. I am the wife of your tailor from Niger. I am sorry to inform you that my husband is late. He fell from the cart. All the family is here with us."

Abin da nake nufi, Tanti, shi ne maigidana zai makara, ya faɗo daga amalanke, amma dangi suna tare da mu ana kula da shi. Sai da na tsaya ina tunani ko "late" zan sa ko "lately", na ga "late" ta fi gajarta, na bar ta.

Ko minti biyar ba a yi ba amsa ta shigo: "Oh my God! May his soul rest in peace." Na san "rest" hutu ne, na san "peace" zaman lafiya ne. Waccan "soul" ɗin ban tsaya a kanta ba. Na juya na ce wa Baban Ilham, ka ga matar kirki, ta ce ka huta lafiya, kada ka damu. Ya ji daɗi ƙwarai. Ni kuma don in nuna tarbiyya na mayar mata: "Thank you Madam. He is resting now." Ta yi ta kira bayan nan, har sau huɗu, na ƙi ɗauka, don rubutu na iya, in ana magana da sauri kunnena ba ya kamawa, kuma ba na so a gane.

Washegari ranar kasuwa ce. Da hantsi Baban Ilham yana zaune a zaure, an miƙe masa ƙafa a kan matashi, na dama masa fura da nono mai kyau. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ji babura sun tsaya a ƙofar gida, ɗaya bayan ɗaya, sannan na ji salati da kuka. Mutanen Kurni ne. Gwaggonsa mai suna Shekara ce a gaba, ta yafa baƙin mayafi, tana cewa wayyo ɗan ƙanena, ko gawarsa ba a bari na gani ba. Ta sa ƙafa a zaure, ta tarar da gawar da ludayi a baki.

Tanti, ban taɓa sanin tsohuwa tana da gudu haka ba. Ta bar takalmi ɗaya a zaure. Wani dattijo da ke bayanta ya tsaya cak yana ta karanta abin da ya sawwaƙa. Shi kuma Baban Ilham ya ɗaga kai ya ce musu, lafiya, wa ya rasu? Wani ya ce, ai kai ne. Iya, surukata, ta fito daga ɗaki, da ta ji wai ta'aziyyar ɗanta aka zo yi mata, sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, ta haɗa duka biyun. Kafin azahar mutanen Tsauni ma sun iso. Tuwon da na tuƙa ranar ko a sunan Ilham ban tuƙa shi ba.

Da aka bi sawun labarin, sai aka gano Madam ce ta kira Gambo tana hawaye ta gaya masa. Gambo ya nemi wayar amininsa ya ji ta a kashe, ba shi da lambata, sai ya kira gida Kurni yana kuka. A can Ibadan kuma Madam ta rufe shago wuni guda, Hausawan unguwar Sabo suka taru suka yi wa mamaci addu'a, har da sadakar waina.

Da yamma Gambo ya samu lambata ya kira, ya ce shi dai Madam ta ce daga gidanmu saƙon ya fito. Baban Ilham ya ce in karanta abin da na rubuta a gaban kowa. Na karanta, na fassara: zai makara. Na ce ni dai abin da na rubuta ke nan, in wani ya juya magana a can, ban sani ba. Wallahi a lokacin da gaskiyata na faɗa. Amma ga abin da ya biyo baya. Baban Ilham ya ce to ya gane. Ya ce dama tun bara Gambo yake son a ɗauki ƙanensa aiki a shagon, ashe hanyar da ya ga ta fi sauƙi ita ce ya binne shi da rai. Ya ce matarsa da ta yi birbe ba za ta yi kuskure a layi biyar ba. Ya kashe wayar, Gambo yana tsakiyar rantsuwa.

Bayan kwana biyu hankalina ya ƙi kwanciya. Muna da maƙwabci, Mushe Bashir, yana koyar da Ingilishi a kolej. Na shiga wurin matarsa kamar aron turmi, na tarar da shi, na ce wata ƙawata ce ta rubuta wani saƙo tana so a duba mata. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya shiga dariya har yana tari. Ya ce ƙawar nan taki ta kashe mijinta, domin a Najeriya in aka ce mutum "is late" to ya riga mu gidan gaskiya. Da na nuna masa amsar Madam da tawa amsar, sai da matarsa ta kawo masa ruwa. Bai ce ya gane ni ce ba, amma yadda ya ce in gaishe da ƙawar tawa, na san ya gane.

Nan ne ya kamata in koma gida in faɗi gaskiya. Ban faɗa ba. Sai na ce bari in gyara abin a ɓoye, in lallashi Madam, in nuna mata mijina yana son aikinsa ƙwarai kuma mai ƙwazo ne. A wannan karon na ce ba zan sake wasa da nahawu ba. Na tuna an koya mana cewa yadda Faransanci ke ƙara "ment" a ƙarshen kalma, haka Ingilishi ke ƙara "ly". Tunda "dur" tana zama "durement", ai "hard" ma sai ta zama "hardly". Kuma tunda "late" ce ta jawo mini bala'i, sai in koma wa "lately". Na rubuta:

"Madam, sorry for the problem. My husband will come lately. He hardly wants this job. You know he hardly works. His leg is nearly good."

Na karanta shi sau uku, na ga ya yi kyau kamar na jarida. Amsar da ta zo ba ta da tsawo. Ta ce da farko na ce ya mutu, yanzu kuma na ce ba ya son aikin kuma ba ya aiki, to in gaya mata gaskiya, in ba zai dawo ba ta nemi wani, domin ga ɗinkin bukukuwan ƙarshen shekara ya taru. Ta ce ta ba mu zuwa ƙarshen wata. Na ɗauko tsohon ƙamus ɗina na kolej daga ƙasan akwati, na duba "hardly". Da ƙyar. Tanti, na gaya wa matar da ke ba mijina aiki cewa da ƙyar yake aiki. Mutumin da idonsa ya fara raguwa saboda zare da allura.

Yanzu ga inda muke. A gari an sa masa suna Marigayi. In ya dogara sanda ya fita masallaci, sai ka ji ana cewa Marigayi ya jiki, Marigayi yaushe za a koma Ibadan. A waje yana dariya, amma a gida na san ba sunan ne ke cinsa ba, Gambo ne. Ya ce shekara talatin suna cin abinci a kwano ɗaya. Ramatu ta daina shigowa gidanmu. Ranar kasuwar da ta wuce na hango ta wajen masu kayan miya, na je na gaishe ta. Ta amsa ba yabo ba fallasa, sannan ta ce Gambo ya ce a gaya mini Madam ta nuna masa saƙon, wani yaron shago da ya yi boko ya bayyana masa komai, amma shi ba zai zama sanadin da miji zai ga wallen matarsa ba, ya bar wa Allah. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya sa na ce kafin Asabar: Baban Ilham bai san da saƙo na biyu ba, bai san da wa'adin ƙarshen wata ba. Ya ce ranar Asabar in zauna in rubuta wa Madam doguwar wasiƙa da Ingilishi mai nauyi, in gaya mata Gambo maƙaryaci ne, kuma shi ba zai koma shagon ba sai an kore shi. Ya ce in sa manyan kalmomi.

To Tanti, tambayata biyu ce. Ta farko, don girman Allah ki bambance mini waɗannan kalmomi masu kama da tagwaye, yaushe ake sa "ly" yaushe ba a sa wa, don yanzu ko "good morning" in zan rubuta sai na buɗe ƙamus. Ta biyu, shin dole ne sai na faɗa masa? Ba za a iya gyara abin da wani saƙo na uku mai kyau ba, kowa ya huta? Ina tsoron ranar da zai dube ni ya san matar da yake alfahari da ita a zaure ita ce ta tara masa masu ta'aziyya. Kuma in labarin ya fita, wa zai sake kawo mini ko takardar maganin tari?

Taki cikin damuwa,
Mai Birbe, daga Matameye

*

Wa alaikumus salam, ƴata Mai Birbe.

Kin ba ni izinin dariya, kuma na yi amfani da shi. Na karanta wasiƙarki a ofis, da na kai wurin "He is resting now" sai da na ajiye takardar na fita waje. Ki gaishe mini da Gwaggo Shekara, kuma a mayar mata da takalminta.

Bari in fara sauke miki rabin kayan. Saƙonki na farko ba kuskuren nahawu ba ne. Da a Ingila kika aika shi, makara za a fahimta. A can sai an sa "late" a gaban mutum, kamar "my late husband", sannan take nufin marigayi. Maƙwabtanmu na Najeriya ne suka faɗaɗa ta, har "he is late" ta zama ya rasu, kuma wannan ba a koyar da shi a kolej ɗinmu. Sai dai ke ma kin taimaka wa ajalin. Kin fara da "I am sorry to inform you", wadda da ita ake buɗe sanarwar rasuwa, kika ce ya faɗo, kika ce dangi sun taru. Ko ni ce Madam da na rufe shago.

Yanzu darasi, ki ɗauko alƙalami. Sifa tana bayyana mutum ko abu: tela nagari, "a good tailor". Bayanau yana bayyana yadda aka yi aiki: yana ɗinki da kyau, "he sews well". Abin da aka koya miki gaskiya ne a mafi yawan lokuta, "slow" tana zama "slowly", "careful" tana zama "carefully", "bad" tana zama "badly". Matsalar ita ce akwai ƴan kalmomi da ke aiki biyu ba tare da sun canza riga ba. "Hard" sifa ce, kuma ita ce bayanau ɗin kanta. Aiki mai wuya "hard work", yana aiki tuƙuru "he works hard". Haka "late", haka "fast". Ya zo a makare, "he came late". Yana ɗinki da sauri, "he sews fast", babu wata "fastly" a duniya, kada ki ƙirƙiro ta.

To ina "hardly" da "lately" suka fito? Kalmomi ne masu zaman kansu, kamannin fuska kawai suka haɗa da waɗancan. "Hardly" da ƙyar ce, ko kusan babu. "Lately" kwanan nan ce, kuma baya take dubawa, shi ya sa "he will come lately" ba ta nufin komai, kamar ki ce zai zo a ƴan kwanakin da suka wuce. "Near" kusa ce, "nearly" saura kaɗan. Wannan ko a Hausa muna da ita, ai kin san "yana kusa da rijiya" daban take da "ya kusan faɗawa rijiya". A nan kin dace, "nearly" ɗinki ta zauna daidai. Abin da ke bayanta ne ya karkace, domin in maganar lafiyar jiki ake yi, "well" ake cewa ko "better". "He is good" mutumin kirki ne, "he is well" lafiyarsa lau. Kuma kada ki ga "ly" ki rantse bayanau ne, "friendly" da "lovely" sifofi ne. Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce, duk kalmar da kika ƙara wa "ly" da hannunki, ki buɗe ƙamus ki tabbata tana nan kuma ma'anarta ba ta gudu ba. Minti ɗaya ne. Ke kin buɗe naki, amma bayan an aika.

Wannan ita ce tambayarki mai sauƙi. Ta biyun kin san amsarta, shi ya sa kika sa ta a ƙarshe.

Ba ke kaɗai ke da laifi ba, zan faɗa. Madam ta kira sau huɗu, ta yi nata. Gambo ya yi gaggawar kai labari Kurni, amma wanda aka ce amininsa ya mutu ba a tambayarsa me ya sa bai yi bincike ba. Maigidanki kuwa ya yi saurin yanke wa abokin shekara talatin hukunci a waya ɗaya, wannan nasa ne, kuma shi zai nemi gafararsa. Amma ki duba dalilinsa. Ya auna maganarki da ta Gambo, ya zaɓi taki ba tare da ya yi shakka ba. Ranar farko ba ki yi ƙarya ba, kin faɗi abin da kika sani. Tun daga ranar da kika fito daga gidan Mushe Bashir, shirunki ya zama wani abu daban. Kowace safiya da kika bar shi yana jin zafin Gambo, da yardar da ya ba ki kike hura wutar. Saƙo na uku, ko ni na rubuta miki shi, aiki kawai zai ceto, ba zai mayar da mutum biyu kwano ɗaya ba.

Saboda haka kada ki jira Asabar. Gobe, bayan ya ci abinci, yara sun tafi lakwal, ki zauna kusa da shi ku biyu. Kada ki fara da nahawu, kada ki fara da Najeriya da yadda suke magana. Ki fara da cewa Gambo bai yi ƙarya ba, ke ce kika yi kuskure, kuma kin sani tun kwanaki kika ji kunyar faɗa. Sannan ki nuna masa saƙo na biyu da wa'adin Madam, duka a zama ɗaya, kada ki rage wani don gobe. Zai yi fushi, kuma yana da hakki. Wataƙila ya yi wuni bai kula ki ba. Ki bar shi ya yi, kada ki tare shi da kuka har ya koma shi ke ba ki haƙuri. Na fi zaton mutumin da ake kira Marigayi a hanyar masallaci yana dariya ba zai kasa ɗaukar wannan ba, kuma zai fi jin sauƙin samun amininsa a kan zafin kuskurenki.

Daga nan shi zai kira Gambo da bakinsa. Ke kuma Ramatu taki ce. Kada ki jira ranar kasuwa, ki hau mota ki je Kurni ki same ta a ɗakinta, ki ce mata kin gode da rufin asirin da mijinta ya yi miki alhali shi ake zagi. Ki biya wurin Gwaggo tunda kin je. Iya ma ki gaya mata da kanki kafin ta ji a bakin rijiya.

Madam kuwa, ki ba maigida wayar ya yi magana da ita da Ingilishin da kika raina. Shekara bakwai yana ciyar da ku da shi, bai taɓa kashe kowa ba. In ya gama, ke ki aika wannan, kada ki ƙara ko wasali:

"Good morning Madam. I am very sorry. The mistake was mine. My husband is well now. He works hard and he loves his job. He will come back on Monday."

Ki sa ranar da ya tabbatar zai iya, ko Litinin ce ko wata. In kina da rana a hannu, ba ki bukatar "late" ko ƴar'uwarta.

Game da sunanki a unguwa, labarin zai fita, kada ki yaudari kanki. Za a yi mako biyu ana tsokanarki. Ki riga su ba da labarin, ki fi kowa dariya, za ki ga abin ya mutu da wuri. Kuma matan za su ci gaba da kawo miki takardu, don har yanzu kin fi su sani. Abin da nake so ki canza ɗaya ne. In aka kawo miki takardar magani kika ga kalmar da ba ki tabbata ba, ki ce ban sani ba, a kai wa likita. Kin tsallake "soul" an sha dariya. In kika tsallake kalma a takardar magani ba dariya za a yi ba. Ni da na koyar da harshen nan har furfura ta fito mini, har yau akwai ƙamus a jakata, kuma ba na ɓoye shi in zan duba.

Kada ki daina Ingilishi. Macen da ta bar kolej shekara goma sha biyar, tana tsakanin tukunya da goyo, amma ta iya haɗa layi biyar da Bayarabiya ta karanta har ta yi kuka, ba ta rasa kai ba. Ki nemi matar Mushe Bashir ta roƙa miki aron littafi, ki riƙa karanta shafi ɗaya kullum, kuma in an kira ki da Ingilishi ki ɗauka, ki ce a yi magana a hankali.

Allah ya ba maigida lafiyar ƙafa, ya kai shi Ibadan lafiya, ya daidaita tsakaninsa da amininsa. Ke kuma Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar gobe da safe. Magana ce ta minti biyar, kuma da Hausa za ki yi ta.

Taki,
Tanti Fadila